Ruwan Shuka Ba Shi Ne Kaka Ba

Jama'a masu sauraro, na cikin gida da na bakin kasuwa, da direbobin da ke bisa hanyar Funtuwa zuwa Gusau a wannan sa'a, da makiyaya a rugagensu, da dattawan da suka fito shan hantsi da 'yar rediyo a gefen tabarma. Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya nufe mu da ganin wannan rana ta Alhamis, 18 ga Janairu, 2024, cikin watan Rajab mai alfarma na shekara ta 1445 bayan Hijira, sharhinmu na yau zai tsaya ne a kan gasar ƙwallon ƙafa ta cin kofin nahiyar Afirka da ake yi a ƙasar Kwaddebuwa, wadda aka kammala zagayenta na farko daren jiya Laraba. Na sani cikin masu sauraro akwai malamai da manya waɗanda za su ce sha'anin tamaula ai lahawu ne da wargi, bai cancanci a ɓata masa lokaci ba. To, ina roƙonsu su yi mini uzuri su ba ni aron kunnuwansu, domin abin da ya tara samarin gari guda a rumfa ɗaya, ya faranta musu rai tare, ya kuma ɓata musu rai tare, bai kamata mai hankali ya wuce shi ba tare da ya duba abin da ke cikinsa na izina ba.

Wannan gasa, wadda yau ta zama gagarumin taro na ƙasashe 24, ta soma ne da ƙasashe uku tak a birnin Khartum na Sudan cikin Fabrairun 1957, wato Masar da Sudan da Habasha, bayan da aka fitar da ta huɗunsu, Afirka ta Kudu, sabili da ta ƙi yarda ta haɗa baƙar fata da farar fata a ƙungiya ɗaya. Wannan da ake yi yanzu ita ce karo na 34, an raba ƙasashen rukuni shida, za a buga wasanni 52 a garuruwa biyar, Abijan da Yamusukuro da Buwake da Korhogo da San Pedro, daga 13 ga Janairu har zuwa 11 ga Fabrairu idan Allah ya kai mu. A cikin kwanaki biyar da suka shige kowace ƙasa ta fito fili sau ɗaya. Mai masaukin baƙi ta ci Gini Bisau 2 da nema. Senegal mai riƙe da kofin ta ci Gambiya 3 da nema, haka ma Maroko ta yi wa Tanzaniya. Amma Masar, wadda ta ɗauki kofin nan sau bakwai, da ƙyar da jiɓin goshi ta tsira da canjaras 2 da 2 a hannun Mozambik, sai da Muhammad Salah ya ci bugun fenareti a ƙarshen ƙarin lokaci. Gana ta sha kashi 2 da 1 a hannun tsibiran Kep Bad. Namibiya, wadda ba ta taɓa cin wasa ko ɗaya a tarihin gasar ba, ta doke Tunisiya 1 da nema. Aljeriya da Kamaru kuwa kowace ta tashi kunnen doki da abokiyar karawarta. Mu ma 'yan Najeriya namu rabon ke nan, kunnen doki, 1 da 1, da Ikwatoriyal Gini.

A Yankara na kalli wannan wasa, ranar Lahadi da ƙarfe uku na rana, a wani gidan kallo da ke bayan tasha, rumfar kwano ce da aka kewaye da zana, aka jera bencina, aka ɗora talabijin bisa wani tebur mai tsawo, janareta na ruri a waje cikin hazon hunturu. Mai gidan ya ƙara kuɗin shiga, kuma ba wanda ya yi masa gardama, tun da kowa ya san litar fetur ta haura naira 600 tun bayan cire tallafi a 2023. Yaran da ba su da abin biya suka manne a jikin zana, kowa ya sami 'yar kafa ya liƙa ido ɗaya, har wani ya ɗauki ƙaninsa a wuya domin ya leƙa ta sama. Da Iban Salvador ya jefa mana ƙwallo a minti na 36, rumfar ta yi tsit har ana jin kukan janareta kaɗai. Minti biyu bayan nan Ademola Lookman ya ɗago ƙwallo, Victor Osimhen ya sa mata kai ta faɗa raga, sai wurin ya kaure da sowa, ƙura ta tashi, wanda bai san wani ba ya rungume shi. Ana tafiya hutun rabin lokaci ladan ya kira la'asar, rumfa ta watse, aka yi ta miƙa wa juna buta a ƙofar masallaci, kuma wallahi wannan ya fi ƙwallon Osimhen daɗi a zuciyata. Da aka dawo, 'yan wasanmu suka yi ta kai hari, mai tsaron ragar Ikwatoriyal Gini, Jesus Owono, ya yi ta kaɗe ƙwallo kamar mai korar tsuntsaye a gonar gero, Alhassan Yusuf ɗan Kano, wanda ya riƙe tsakiyar fili da ƙwazo, ya ji rauni aka fitar da shi, har alƙalin wasa ya busa tashi ba a ƙara komai ba.

Abin da kunnena ya ji bayan tashi shi ne dalilin wannan sharhi. Samari suka fito suna kumfar baki, wannan ya ce a kori koci Jose Peseiro tun daren nan, wancan ya ce 'yan wasan ba su da kishin ƙasa, kuɗin Turai ya sangarta su, wani ya rantse ba zai sake ɓata kuɗinsa ba, gasar ta ƙare mana, gara su haɗo kayansu su dawo gida. A bakin teburin mai shayi kuwa akwai wani dattijo manomi, wanda na sani tun ina yaro, yana zaune da goronsa a hannu yana saurare. Bai shiga rumfa ba, bai kuma san dokokin wasan ba. Ya yafuto ni ya ce, "Ɗana, wai an cinye mu ne?" Na ce, "A'a, Baba, kunnen doki aka yi." Ya ce, "To, an gama ke nan?" Na ce, "Saura wasa biyu a rukuni, Baba, in an haye kuma akwai huɗu a gaba kafin kofi." Sai ya girgiza kai ya ce, "Ashe ruwan shuka ne kawai ya sauka, yaran nan suke kukan yunwa. Ni na ga shekarar da ruwa ya zo da wuri, muka zuba iri muna murna, masara ta tsiro kore shar, sai sama ta ɗauke mako uku, duk ta ƙone, sai da muka sake shuka. Na kuma ga shekarar da muka yi ta duban gabas har muka fid da rai, aka fita roƙon ruwa, ya zo a makare, amma a kakar nan sai da na gina sabon rumbu. Manomin da ya auna dawarsa ran da ya shuka ta, bai san noma ba."

Na tafi gida ina juya wannan magana, domin Bahaushe yana da karin magana biyu da suke kamar suna karo da juna a kan wannan mas'ala. Ɗaya ta ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ɗayar kuma ta ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Mai adalci ba ya riƙe hujja ɗaya ya watsar da 'yar'uwarta, saboda haka sai mu kai ƙarar gaban tarihi, shi ne alƙalin da ba ya karɓar toshiya. Ta farko tana da shaidunta. A 1980, lokacin da aka yi gasar a Legas da Ibadan, mun buɗe da cin Tanzaniya 3 da 1, muka rufe da cin Aljeriya 3 da nema, marigayi Shugaba Shehu Shagari ya miƙa wa Christian Chukwu kofi da hannunsa. A 1994 a Tunisiya mun buɗe da cin Gabon 3 da nema, marigayi Rashidi Yekini, haifaffen Kaduna, ya zuba biyu, muka tafi a haka har muka doke Zambiya 2 da 1 a wasan ƙarshe. A waɗannan shekaru biyu, haƙiƙa, Laraba ta faɗi gaskiya game da Juma'a.

Amma shaidun ta biyu sun fi yawa, kuma na farkonsu da idona na gan shi. A shekara ta 2000, da Najeriya da Gana suka haɗu suka karɓi baƙuncin gasar, an ajiye rukuni guda a Kano, Masar da Senegal da Zambiya da Burkina Faso, ni kuwa ina cikin samarin da suka bi motar haya ta Funtuwa da Malumfashi da Gwarzo, muka je filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata domin mu kashe ƙwarƙwatar ido. Masar ce ke riƙe da kofi a lokacin, ta ci Zambiya 2 da nema a wasanta na farko, ta ci Senegal, ta ci Burkina Faso, har mutanen Kano suka fara cewa ba mai tare ta. A can Legas kuwa Tunisiya ta soma da shan kashi 4 da 2 a hannunmu, Okocha biyu, Ikpeba biyu. To, ran 7 ga Fabrairu wannan Tunisiya da aka wulaƙanta a ranar farko ta zo Kano ta fitar da Masar da ci ɗaya mai ban haushi; mu kuma da muka soma da ruwan ƙwallaye, Tijjani Babangida ya kai mu wasan ƙarshe da ƙwallayensa biyu a ragar Afirka ta Kudu, sai ga kofi ya suɓuce mana a gida, Kamaru ta ɗauke shi da bugun fenareti. A 2013 kuwa, a Afirka ta Kudu, mun soma da irin abin da ya faru ran Lahadin nan: muna gaba da ƙwallon Emmanuel Emenike, an ba Efe Ambrose jan kati, Alain Traore na Burkina Faso ya farke ana dab da tashi. Muka sake yin kunnen doki da Zambiya, aka yi ta zagin kocinmu, marigayi Stephen Keshi, a kowane teburin mai shayi na ƙasar nan; amma yaran da aka ce ba su iya ba su ne suka fitar da Kwaddebuwa ta su Didier Drogba, suka ci Mali 4 da 1, Ahmed Musa na cikin waɗanda suka zura, suka sake gamuwa da Burkina Faso ɗin nan dai a wasan ƙarshe, Sunday Mba ya ci ƙwallon da ta kawo mana kofi na uku.

Shaida mafi kusa kuwa ko yaran da ke leƙen zana sun tuna da ita. A Janairun 2022, a Garwa ta arewacin Kamaru, inda masu jin Hausa da Fulatanci suka cika fili suka mai da 'yan wasanmu 'yan gida, mun doke Masar da ƙwallon Kelechi Iheanacho, mun doke Sudan, mun doke Gini Bisau, mu kaɗai ne a duk gasar muka cinye wasanninmu uku, har aka fara rabon naman giwa tun tana daji. Sai Tunisiya, wadda Mali ta ci, Gambiya ma ta ci, wadda ta tsallako da ƙyar a matsayi na uku, ta sallame mu da ci ɗaya a zagayen 'yan 16. Senegal da ta ɗauki kofin a wannan shekara, ƙwallo ɗaya tak ta ci a wasanninta uku na rukuni. Ashe dai maganar dattijon Yankara ba zancen tsufa ba ne, hukunci ne da tarihi ya sa wa hannu.

Idan mai sauraro ya tambayi dalilin da ya sa zagayen farko yake yawan ruɗin mutane, sababban ba ɓoyayyu ba ne. Na ɗaya, manyan ƙasashe suna tattaro 'yan wasansu ne daga ƙungiyoyi daban-daban na Ingila da Italiya da Faransa da sauransu, kowa da irin horon da ya saba da shi, a haɗa su 'yan kwanaki kaɗan a ce su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Namu sun yi ɗan zama ne a Abu Dabi, kuma kafin a soma rauni ya raba mu da Wilfred Ndidi da Victor Boniface da Sadiq Umar, bayan Taiwo Awoniyi da tun farko bai sami zuwa ba. Shanun huɗa ma, in sababbin haɗi ne, kunyar farko ba ta miƙewa. Na biyu, wanda ya baro sanyin Turai aka tsayar da shi a Abijan da ƙarfe biyu na rana agogon can, cikin zafi da gumin bakin teku, jikinsa na bukatar lokaci kafin ya saba. Na uku, tsarin gasar da kansa yana koya wa masu horarwa taka tsantsan, domin ƙasashe biyu na saman kowane rukuni suna wucewa, a ƙara da huɗu mafiya maki cikin waɗanda suka zo na uku, wato 16 cikin 24. Saboda haka wanda ya sami maki ɗaya a ranar farko bai yi asarar da za ta hana shi barci ba, mai hikima kuma yakan adana ƙarfinsa domin tafiyar wata guda ce.

Akwai kuma sababi na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi a wurina, domin ya shafi tarbiyya, shi ne raini. Fushin samarinmu ran Lahadi bai taso daga kunnen dokin kansa ba. Ya taso ne daga ganin cewa wai da Ikwatoriyal Gini aka yi shi, 'yar ƙasar da jama'arta ba su kai miliyan biyu ba, ba su kai ko rabin mutanen jihar Katsina ba. Alhali kuwa wannan 'yar ƙasa ta kai wasan kusa da na ƙarshe a 2015, kuma ita ce a 2022 ta karya Aljeriya bayan ta yi wasanni 35 a jere ba a ci ta ba; da yawa cikin 'yan wasanta a Sifen aka haife su, a can suka koyi wasa, sun kuma daɗe tare har kowa ya san numfashin ɗan'uwansa. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram za su tuna yadda Mena ta Nijar ta doke Masar 1 da nema a Yamai cikin 2010, lokacin da Masar ta ɗauki kofi sau uku a jere, har Nijar ta sami zuwa gasar 2012 karon farko, Masar ta zauna a gida. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A fili mutum goma sha ɗaya ne ke fuskantar goma sha ɗaya, ba a ƙirga yawan jama'a ko rijiyoyin mai, kuma ujubu da jiji da kai, waɗanda malamanmu suka lissafa cikin cututtukan zuciya, suna kayar da ƙungiya kamar yadda suke kayar da mutum guda.

Yanzu, jama'a masu sauraro, ku ba ni dama in ɗauke ido daga ƙwallo in dubi ƙasar da ake buga ta, domin a nan ne izinar da ta fi shafar mu take. Kwaddebuwa ba baƙuwar Bahaushe ba ce. Kakanninmu fatake sun san hanyoyin goro na yamma tun zamanin tafiya Gwanja da jakuna, har yau kuma akwai 'yan'uwanmu da ke zaune a Abijan suna kasuwanci. A 2002 fitina ta tashi a wannan ƙasa ta raba ta biyu, kudu a hannun gwamnati, arewa a hannun 'yan tawaye, Buwake ta zama hedikwatarsu, Korhogo ƙasar manoman auduga, irin namu na Funtuwa da Daudawa, ita ma tana ƙarƙashinsu. A Oktoban 2005, ran da ƙasar ta sami gurbin zuwa gasar cin kofin duniya karon farko, bayan ta ci Sudan, Drogba da abokan wasansa, Musulminsu da Kiristansu, 'yan kudu da 'yan arewa, suka durƙusa a gaban kyamara a ɗakin sauya kaya suka roƙi mutanen ƙasarsu su ajiye makamai. A Yunin 2007, bayan sulhun da aka ƙulla a Wagadugu, aka kai wasan ƙasa da Madagaska har cikin Buwake, suka ci 5 da nema, waɗanda jiya suke harbin juna suka zauna a fili ɗaya. Ba zan ce muku tamaula ce ta kashe wutar ba, domin wutar ta sake ruruwa bayan zaɓen 2010, aka rasa rayuka kimanin 3,000 kafin ta lafa. Sulhu aikin shugabanni ne da malamai da sarakuna da talakawa masu haƙuri. Amma ga shi a wannan mako, a Buwake ɗin nan, a filin da ake kira Filin Zaman Lafiya, Aljeriya ta kara da Angola, Burkina Faso ta kara da Muritaniya, a Korhogo kuma Namibiya ta kafa tarihinta, baƙi daga ko'ina suna yawo a titunan da a da shingayen 'yan bindiga suka tare. Wanda ya ga Buwake a 2002 ya yanke mata hukunci, da ya yi kuskure irin na mai auna dawa ranar shuka.

Mu mutanen Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa ba ma bukatar a fassara mana wannan. Mun san daren 11 ga Disamba, 2020, da aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka shiga da su daji, iyaye suka kwana shida ba barci kafin Allah ya dawo da yara 344. Mun san Satumbar 2021, da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan ta Katsina, har da namu uku, muka koma ba mu da abokin hira sai wannan rediyo da kuke saurare. Mun san gonakin nesa da suka koma saura domin mai su ba ya iya zuwa, da ƙauyukan da suka watse, da matan da ke kwana a gidajen dangi a gari da 'ya'yansu. Wanda ya rayu cikin wannan, Shaiɗan yakan raya masa cewa haka abin zai dawwama, alhali kuwa ɗebe ƙauna daga rahamar Allah ba ɗabi'ar mumini ba ce, kuma abin da muka koya tun muna gaban malam shi ne ayyuka da ƙarshensu ake auna su. Da na dubi rumfar nan ta Yankara ran Lahadi, na ga samari sun zauna kafaɗa da kafaɗa har awa biyu, ba mai waiwaye, ba mai kasa kunne ga ƙarar babura daga daji, sai na ce a raina wannan ma ruwan shuka ne, kaɗan ne, amma alheri ne, kuma wajibi ne a gode wa Allah a kansa, a kuma yi masa noma.

Noman kuwa aikinmu ne. Alhassan Yusuf daga Kano ya fito, Zaidu Sanusi da ya tsare mana gefen hagu ran Lahadi ɗan Jega ne ta jihar Kebbi, yau yana wasa a Porto ta ƙasar Fotugal. Ba daga sama suka faɗo ba, ƙasarsu irin tamu ce, ƙurarsu irin tamu ce. Da aka tashi daga kallo, yaran nan masu leƙen zana ba su tsaya zagin kowa ba, filin firamare suka nufa da wata tsohuwar ƙwallo da aka sha ɗinkewa, suka kafa duwatsu biyu a madadin raga, ƙafa ba takalmi, suka yi ta fafatawa har rana ta yi ja. Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumominmu, da hakimai da dagatai, da masu hannu da shuni, su dubi waɗannan yara da idon rahama: a gyara musu fili, a saya musu ƙwallo da riguna, a shirya musu gasa tsakanin Yankara da Sheme da Daudawa da Mairuwa da sauran garuruwa lokacin rani, bisa sharaɗin cewa wanda ba ya zuwa makaranta, ta allo ko ta boko, ba zai sa riga ba. Yaron da ya gaji da gudu a fili, wanda ke da koci mai tsawata masa da abokai masu nemansa in bai zo ba, ya fi wuyar ruɗuwa ga mai kiransa daji da alkawarin kuɗi da bindiga. Ina kuma yi wa samari nasiha ta ɗan'uwa a kan cacar da ta shigo cikin wayoyinmu da sunan hasashen wasa. Haramcinta a bayyane yake, ba ya bukatar dogon bayani, kuma wannan mako kaɗai ya isa wa'azi, domin duk wanda ya ɗora kuɗin cefanen gidansu bisa yaƙinin cewa Gana ko Tunisiya ko Masar za su ci, ya kwana da nadama. Da yawa cikin zagin da ake yi wa 'yan wasa, in aka bincika, kukan kuɗin caca ne.

Yau da ƙarfe shida na yamma agogonmu, 'yan wasanmu na Super Eagles za su fuskanci mai masaukin baƙi a babban filin Alasan Watara da ke wajen Abijan, gaban dubban magoya bayanta. Magariba za ta riske mu ana tsakiyar rabin farko. Kada wanda ya jira hutu, a tashi a ba Allah hakkinsa, ƙwallo ba za ta gudu ba. In mun ci, kada mu ce kofi ya zo hannu, mu tuna da Garwa. In an ci mu, kada mu ce an gama, mu tuna da 2013. Dattijon nan na bakin teburin mai shayi, da zan tafi, na tambaye shi ko bana zai koma gonarsa ta nesa, wadda ya shekara uku bai taka ba. Ya ce, "Ɗana, irin yana nan cikin tukunya, na zuba masa toka kada ƙwari su taɓa shi. Ran da Allah ya buɗe hanya, ba zan tsaya neman iri ba." Allah ya buɗe masa hanyar, shi da dukan manomanmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya shirya mana zuriya, ya ba 'yan wasanmu sa'a, ya sa mu cika da kyau da imani.